AllTrails a Ma'auni: Me Take Tsinana wa Mai Shirin Zuwa Mafaɗar Ruwa a Kan Tsauni?

AllTrails manhajar waya ce, tana kuma da shafin intanet, wadda ta tattara hanyoyin ƙafa na daji da tsaunuka daga ƙasashe da dama. Tun 2010 take aiki, hanyoyin da ke cikinta sun kai dubu ɗaruruwa, a 2023 kuma kamfanin Apple ya zaɓe ta a matsayin gwarzuwar manhajar iPhone ta shekara. Wannan sharhi bai shafi duk abin da take yi ba. Aiki ɗaya aka auna ta da shi: mutum na so ya fita da sassafe, ya hau tsauni a ƙafa har ya isa mafaɗar ruwa, ya dawo mota da sauran rana. A wannan aiki tana da ƙarfi wajen zaɓen hanya da sanin halin da hanyar ke ciki a 'yan kwanakin nan. Tana da rauni wajen lissafin lokaci. Game da ruwan kansa kuwa, wanda shi ne ke cin rai a irin wannan fita, kusan bakinta a rufe yake.

Wurin bincikenta ya yi kyau, ba a ja. Kana iya ce mata hanyoyi masu mafaɗar ruwa kawai kake so, ka ƙayyade tsawon tafiya, ka ƙayyade yawan hawa, sannan ka zaɓi siffar hanya: wadda ake zagayowa a dawo inda aka fara, wadda ake zuwa a dawo ta sawu ɗaya, ko wadda ake shiga ta nan a ɓulla can. Ga fitar yini guda da mota ɗaya, ka bar ta ukun nan, sai dai in akwai wanda zai tarye ku a ɗaya bakin. Kowace hanya tana da shafinta: tsawo, jimillar hawa, kimanin lokaci, taswira, zanen tudu da gangara, hotuna, da ra'ayoyin waɗanda suka riga ka.

Yawancin mutane tsawon hanya suke fara dubawa. A tsauni jimillar hawa ce ya kamata ido ya fara sauka a kai. Ka raba mitocin hawa da kilomitocin da za a yi ana hawan. Idan hanya ta zuwa-da-dawowa ce mai kilomita 8 da hawan mita 600, to a cikin kilomita 4 za a yi hawan nan, wato mita 150 a kowace kilomita. Wannan hawa ne da zai sa wanda bai saba ba ya riƙa tsayawa yana haki. Mita 50 a kilomita yawo ne. Mita 100 jiki zai faɗa maka. Daga 200 zuwa sama kuwa ka sa ran matakala ko kama duwatsu da hannu. Manhajar ba ta yi maka wannan rabawar, alhali sakan goma take ɗauka.

Zanen tudu da gangara shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a shafin, ga shi kuwa yana tona wani tarko da ya keɓanta da mafaɗan ruwa. Da yawa daga cikinsu a ƙasan kwazazzabo suke, ga titin mota kuma a sama. Ke nan da gangara ake farawa, ƙafa na sauri, kowa na fara'a, sai an gama hutawa a bakin ruwa, rana ta take, ruwan sha ya yi rabi, sannan a fuskanci hawan duka. Jimillar hawa ɗaya ce da ta hanyar da ake fara hawa a ƙare da sauka, amma wahalar ba ɗaya ba ce. In ka ga zanen ya lotsa a tsakiya, ka ware wa dawowa ninkin lokacin zuwa, ka kuma ajiye mata kashi biyu cikin uku na ruwan sha.

Rabe-raben wahala da take bayarwa, irin su mai sauƙi, matsakaiciya, mai wuya, ba su da wani kaifi. "Matsakaiciya" na iya zama shimfiɗaɗɗiyar turba mai ɗan tsawo, tana kuma iya zama gajeriyar hanya da za a ƙetare rafi sau shida. Taurarin yabo sun fi wannan ruɗarwa, don kyan wuri mutane ke ba wa tauraro, ba lafiyar hanya ba. Mafaɗar ruwa mai ban sha'awa za ta kwashi taurari biyar ko da rabin waɗanda suka je sun dawo da targaɗe.

Inda manhajar ta ci sunanta shi ne ra'ayoyi masu kwanan wata. Littafin jagora da aka buga shekara biyar da suka wuce ba zai gaya maka cewa gadar katako ta tafi da ruwa makon jiya ba, amma wanda ya bi hanyar shekaranjiya zai faɗa. Sai dai karanta su ma yana da ƙa'ida. Ka jera su daga sabo zuwa tsoho, ka karanta na mako biyu ko uku da suka wuce, sannan ka gangara ka nemo na irin wannan watan a bara da bara waccan. Ka tsallake masu cewa "wuri ya yi kyau", ka nemi masu ambaton abu takamaimai: ruwa ya kai ina a jiki wajen ƙetarawa, idon sawu ko gwiwa, bishiya ta faɗi ta tare hanya, laka, ko titin da ke kai wa bakin hanya ƙaramar mota na iya binsa, ƙarfe nawa wurin ajiye motoci ke cika. In mutum uku da ba su san juna ba sun ce sun ɓata a mararraba guda, ka sa wa wurin alama tun daga gida. In kuma ra'ayi na ƙarshe ya shekara, to ka ɗauka ba ka da labarin hanyar ke nan, ko da shafin ya cika da hotuna.

Hotunan ma sai an yi hattara. Wanda ke saman shafi kusan kullum na lokacin da ruwa ya fi ƙarfi ne. Mafaɗar Yosemite da ke Kalifoniya a Amurka, mai tsayin mita 739, narkewar dusar ƙanƙara ce ke ciyar da ita. Tana kai ƙololuwa wajen watan Mayu, zuwa Agusta kuma sau da yawa sai ɗigo ko busasshen bango. Tugela ta tsaunukan Drakensberg a Afirka ta Kudu, wadda aka daɗe ana ba ta mita 948, takan rame sosai a ranin can, wajen Yuni zuwa Agusta. Wanda ya yi tafiyar awanni a mota saboda hoton da aka ɗauka a wani wata daban, shi ya so. Ka duba kwanan watan hoton kafin ka gaskata shi.

Wani abin lura shi ne duk wannan alheri ya dogara ne da yawan masu amfani da manhajar a yankin. A Arewacin Amurka, Turai da Ostareliya, sanannar hanya na iya samun ra'ayoyi dubbai. A sassa da yawa na Afirka da Asiya sai ka tarar da hanya da ra'ayi biyu, ko ma babu ita sam. A irin wannan wuri jagora ɗan yankin ya fi manhajar nesa ba kusa ba, kuma biyan kuɗinta asara ne.

Sai batun lokaci, inda ta fi bayar da mutane. Adadin da take nunawa matsakaici ne, bai san su wa ke tare da kai ba. Bai san akwai yaro ɗan shekara bakwai ba, bai san za a tsaya cire takalma a kowane rafi ba, bai kuma san cewa ba wanda ke isa mafaɗar ruwa ya juya nan take. Gara ka yi naka lissafin. Tsohuwar ƙa'idar da William Naismith, wani mahayin tsauni ɗan Sukotilan, ya kawo a 1892 har yau ita ce mafari: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Amma ƙa'idar ƙaƙƙarfan mutum ce a kan hanya mai kyau, ba tare da hutu ba. Dubi hanyar da ke kai wa saman mafaɗar Yosemite: kilomita 11.6 zuwa da dawowa, hawan mita 820 ko kusa. Lissafin Naismith zai ba ka awa 3 da minti 40. Hukumar gandun dajin Yosemite kuwa awa 6 zuwa 8 take cewa a ware. Tsakanin adadin biyu akwai matakalan dutse, zafi, gwiwa mai rawa a gangara, da tsayawar ɗaukar hoto.

Hanyar da ke fitar da adadi mai gaskiya ga talakan matafiyi ita ce: ka fitar da na Naismith, ka ƙara masa rabinsa, ka ƙara minti 10 na hutu a kowace awa, sannan ka ƙara zaman bakin ruwa. A ce hanya kilomita 9 ce da hawan mita 600. Naismith ya ba da awa 2 da minti 50. Da ƙarin rabi ya zama awa 4 da kwata. Hutu minti 40, zaman bakin ruwa minti 45, jimilla awa 5 da minti 40. In rana na faɗuwa ƙarfe 6:30, ka cire awa biyu na ko-ta-kwana, ke nan 4:30 ya same ku a mota, wato mafi latti ku fara tafiya kafin 11 na safe. Wannan iyaka ce, ba shawara ba. A tsaunuka da yawa hadari da rana tsaka zuwa la'asar yake haɗuwa, don haka wanda ya fara ƙarfe 7 ya fi kowa dabara, ya kuma sami wurin ajiye mota. Awa biyun nan ba almubazzaranci ba ne: a cikin kwazazzabo mai bishiyoyi haske na ɗaukewa tun kafin lokacin faɗuwar rana da waya ke nunawa, don bangon dutse ya riga ya tare ta.

Daga wannan lissafi ake fitar da lokacin juyawa, wato ƙarfen da za a koma ko an ga ruwan ko ba a gani ba. Manhajar ba ta da wurin sa shi. Ka sa ƙararrawar waya, ka kuma faɗa wa abokan tafiya tun a mota, don a kan hanya, ana jin rugugin ruwa daga nesa, ba mai yarda a juya. Kada a yi zaton saukowa za ta ɗauki rabin lokacin hawa. A kan jiƙaƙƙen dutse kusan kunnen doki suke yi.

Taswirar kanta tana da kyau a buɗaɗɗen fili, amma kwazazzabo ne wurin da ta fi rauni, nan ne kuwa mafaɗan ruwa suke zama. Dalilin a fili yake. Waya na gane inda take ne ta saƙon taurarin ɗan'adam, kuma a sarari kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba. Tsakanin bangaye biyu na dutse, taurarin da take gani kaɗan ne, saƙon wasu kuma sai ya bugi bango ya dawo kafin ya iso ta, sai ta ɗauka ta fi nisa. Sakamakon shi ne shuɗin ɗigon da ke nuna ka ya riƙa tsalle, mita 30, mita 50, wani lokaci ya haye ɗaya gaɓar rafin kana tsaye wuri ɗaya. Abu biyu ke biyo baya. Na farko, gargaɗin kauce hanya, wanda yana cikin abubuwan da ake biya wa kuɗi, zai riƙa kaɗawa ba dalili har mutum ya gaji ya daina kula shi. Na biyu ya fi muni: layin hanyar kansa, in daga sawun wayar wani aka zana shi, yana iya ɗauke da irin wannan kuskure, sai ka ga kamar ana ƙetare ruwa a inda ba mashigi. In taswira ta ce haye, idonka kuma ya ga turba ta ci gaba a gaɓar da kake, bi turba. Fenti a jikin dutse, tarin duwatsu na alama da allon hukuma sun fi ɗigon waya gaskiya a cikin kwari.

Adadin hawa ma yakan kumbura ko ya ragu a irin wannan wuri. Manhajojin taswira kan ɗauko tsayin ƙasa daga ma'aunin da aka yi daga sama, irin na kumbon Endeavour na Fabrairun 2000, wanda ke ba da adadi ɗaya ga kowane fili mai faɗin kusan mita 30. A gefen bango mai tsayi, matsawar layi kaɗan na iya ɗora ka a saman dutse a lissafi alhali kana gindinsa. In adadin manhajar ya saɓa da na hukumar wurin, ɗauki na hukuma.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana: ganin layi a taswira ba izini ba ne. A kusa da kowace sananniyar mafaɗa akwai 'yan hanyoyin da ƙafafun mutane suka fitar, masu zuwa saman ruwa ko bayan shinge, kuma sukan bayyana a sawun da jama'a ke ɗorawa. Saman mafaɗa shi ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar, don ruwan can yakan yi lumbu-lumbu kamar ba ya motsi, ga dutsen ƙarƙashinsa ya sha guga ya yi sulɓi. A Yulin 2011 mutum uku suka tsallake shingen ƙarfe a saman mafaɗar Vernal, ita ma a gandun Yosemite, ruwa ya ja su ya jefa daga tsayin mita 97.

To kuɗin fa, ya cancanta? Samfurin kyauta ya isa ga duk binciken gida: neman hanya, karanta ra'ayoyi, duba zane. Abin da ake saye a matakin biyan kuɗi mai suna Plus, a zahiri, abu ɗaya ne, sauke taswira a waya don ta buɗe inda babu sabis. Mutane da yawa sun ɗauka in sabis ya ɗauke waya ba ta san inda take ba. Ta sani, don sauraron tauraro ba ya bukatar layi. Taswirar ce ba ta zuwa, sai ka ga ɗigonka a kan farin fili. Sauran abubuwan Plus ƙari ne: gargaɗin kauce hanya da aka ambata, buga taswira a takarda, da nuna wa na gida inda kake kai tsaye, wanda shi kuma sai da sabis yake aiki, wato yakan mutu daidai inda aka fi bukatarsa. Matakin Peak da aka ƙaro a 2025, mai zana hanyar kanka da nuna inda jama'a suka fi bi, ya fi ƙarfin bukatar fitar yini guda. Rajistar ta shekara ce, kuma tana sabunta kanta, don haka wanda ya shiga gwajin kyauta saboda tafiya ɗaya ya tuna ya soke.

Wanda ba ya son biya yana da mafita mai kyau: ya yi bincike a AllTrails, ya sauke taswirar yankin a Organic Maps. Ita kyauta ce, ba talla, ta fito a 2021, tana aiki da bayanan OpenStreetMap, taswirar duniya da 'yan sa-kai ke haɗawa, kuma tun asali don aiki ba intanet aka gina ta. Tana nuna layukan tudu in ka kunna su ka sauke, tana kuma karɓar fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da layin hanya. Ba ta da ra'ayoyi ko hotunan hanya, shi ya sa ba ta maye gurbin waccan, amma ko mai biyan kuɗi ya kamata ya ajiye ta a wayar abokin tafiya. Ko wacce ka zaɓa, ka gwada ta a gida: sa waya a yanayin jirgin sama, rufe manhajar gaba ɗaya, sake buɗewa, ka zuƙo taswirar har ka ga ƙananan hanyoyi. Saukewar da ta katse a rabi ba ta nuna kanta sai an je daji. Ka haɗa da titin mota na kilomitocin ƙarshe, don sau da yawa tun can sabis ke ɗaukewa.

Batir shi ne na gaba. Abin da ke cinye shi ba sauraron tauraro ba ne kawai, har da hasken fuskar waya da kuma neman sabis da take ta yi a inda babu. Yanayin jirgin sama na magance neman sabis ɗin. Naɗar sawu daga farko zuwa ƙarshe tana da amfani, don tana nuna maka hanyar komawa, amma waya ɗaya ta isa ta yi, sauran su huta. Fawa-banki mai 10,000mAh ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, kusan kashi biyu cikin uku ke isa waya, wanda duk da haka ya fi caji ɗaya. Matsalar da ta keɓanta da mafaɗar ruwa ita ce feshi. Jiƙaƙƙiyar fuskar waya ba ta jin yatsa, ko ta riƙa danna kanta, kuma wayoyi da yawa kan ƙi karɓar caji in sun ji danshi a ramin caji har sai ya bushe. Hanyar Mist da ke hawa gefen Vernal, mai matakalan dutse fiye da 600, takan jiƙa mutum sharkaf a lokacin ƙarfin ruwa. Leda mai zif da ɗan busasshen ƙyalle sun wadatar, da hoton taswira a takarda cikin wata ledar. Tocila ta goshi kuma daban, kada a dogara da ta waya, don in dare ya yi wayar ce taswira, ita ce kuma hanyar neman agaji.

Yanzu ga abin da shafin hanya ba zai koya maka ba. Hasashen yanayi na inda kake tsaye bai isa ba, don ruwan da ke zubowa daga mafaɗa na saman tsauni ne, wataƙila daga wurin da ke da nisan kilomita 15 ko fiye. Ana iya yin rana ƙwal a bakin hanya, a can sama kuwa ana tafka ruwa, ambaliya ta iso cikin mintuna. Ka janye taswira baya ka ga daga ina rafin ya taso, ka duba hasashen can, na ranar da na kwana biyu kafin ta, don ƙasar da ta riga ta ƙoshi ba ta shan ƙari. A kan hanya alamun su ne ruwa ya sauya launi ya yi ja ko baƙi-baƙi, ganyaye da karmami sun fara wucewa, ƙarar ta ƙaru, dutsen da ka taka ɗazu ya nutse. In ka ga ɗaya, hau gaɓa, sama ake gudu ba gaba ba. Ruwa mai gudu da bai wuce zurfin santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Wanda ya kai gwiwa yana gudu ba a shigarsa. Rafin Hanakapiai a tsibirin Kauai na Hawai ya yi suna wajen tare mutane a ɗaya gaɓar bayan ruwan sama, kuma waɗanda suka zauna suka jira ya sauka su ne masu komawa gida. Inda narkewar ƙanƙara ke ciyar da rafi, lissafin ya juya: da safe yana ƙasa, da yamma ya cika, ko da ba gajimare ko ɗaya a sama. Mashigin da ka haye ƙarfe 8 ba shi za ka tarar ƙarfe 3 ba.

Wajen ƙetarawa, a nemi inda rafi ya fi faɗi, don nan ya fi rashin zurfi da rashin ƙarfi. A kwance maɗaurin ƙugu da na ƙirji na jaka, yadda in an faɗi za a iya yar da ita. A fuskanci inda ruwa ke fitowa, a dogara da sanda, a matsa ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kada a cire takalmi a shiga da tafin ƙafa: gara takalmi ya jiƙe da yatsa ya tsage. Dutse mai kore ko baƙin gansakuka ba a taka shi da gaba gaɗi, wanda ke ƙarƙashin ruwa mai gudu ma sau da yawa ya fi wanda feshi ke jiƙawa kama ƙafa.

Gurbin da ke gindin mafaɗa yana jan ido, hotunan manhajar kuma cike suke da masu iyo a ciki. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ruwa mai kumfa cike yake da iska, ba ya ɗaga jiki kamar ruwan zaune, kuma daidai inda yake faɗowa yana juyawa ne ya mayar da abu ƙasa. Ga sanyi: ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa numfashi ya ƙwace a sakannin farko, gwanin iyo ma yana iya shaƙa. Mai rauni a fata ya haƙura da shiga, saboda a wurare masu ɗumi ruwan daɗi na iya ɗauke da ƙwayar cuta ta leptospira daga fitsarin dabbobi. Ruwan sha kuwa a taho da shi, kusan rabin lita ga kowace awa ta tafiya, fiye da haka in ana zafi. Garau ɗin ruwan tsauni ba shaida ba ne. In dole ta sa, a tace ko a tafasa minti ɗaya, minti uku in an haura mita 2,000. Riga mai tare iska ma ta shiga jaka ko da an fito cikin zafi, don iska na yin sanyi da kusan digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000, ga jiƙa, ga iskar da mafaɗar kanta ke hurawa.

Dokokin shiga su ma kada a dogara da manhajar a kansu. Takan sa sanarwar rufe hanya ko bukatar izini a saman shafi, amma hukuma ce ke da magana ta ƙarshe, kuma tsarin na sauyawa daga shekara zuwa shekara. Mafaɗar Multnomah a jihar Oregon ta sha bukatar tikitin lokaci a watannin cunkoso. Hanyar Hanakapiai sai baƙo ya yi rajista tun kafin ranar. Mafaɗar Havasu a Arizona ba a ma yarda da zuwa a dawo a yini ɗaya ba, sai da izinin kwana. Ka buɗe shafin hukumar wurin ranar da kake shiri, ka sake buɗewa daren tafiya. A daren ne kuma za ka tura wa wani na gida sunan hanya, inda za a ajiye mota, lambar motar, yawan mutane, ƙarfen dawowa, da ƙarfen da in bai ji ku ba zai kira masu agaji, tare da lambar da zai kira.

Bayan an dawo, manhajar za ta nemi ra'ayinka. Tunda amfaninta duka a kan wannan ya rataya, ka rubuta irin wanda ka so samu: ranar da ka je, ƙarfen farawa da na gamawa, ku nawa ne kuma da yara ko babu, sau nawa aka ƙetare ruwa da inda ya kai a jiki, ƙarfin mafaɗar, mararrabar da ta rikita ku da ɓangaren da ya kamata a bi, da kilomitar da sabis ya ɗauke.